Haɗa iPod ko wayar hannu da rediyon asali na Porsche Boxster 986 da 911 samfurin 996: wace hanya ta fi dacewa?

Kamfanin Porsche ya fara ƙera Boxster samfurin 986 a 1996, ya biyo bayanta da 911 samfurin 996 a 1997, kuma motocin biyu sun yi tarayya a abubuwa da dama daga hancin mota har zuwa dashbod, ciki har da rediyon da kamfanin Becker na Jamus ya yi musu. A lokacin da aka tsara wannan rediyo, kaset da faifan CD ne abin da direba ke ɗauka idan yana son sauraren zaɓinsa, domin iPod na farko, 'yar na'urar sauraren waƙa ta kamfanin Apple, bai fito ba sai a watan Oktoba na 2001, wayoyin hannu masu ɗaukar dubban waƙoƙi kuwa sun zo bayan haka da shekaru. Saboda haka wanda ya mallaki ɗaya daga cikin waɗannan motoci a yau, ko a Turai yake ko kuwa ta iso masa ta Kwatano ko Legas a matsayin tokumbo, zai tarar da rediyo mai kyan sauti da kyan fasali wanda ba shi da ko kafa ɗaya a fuskarsa da za a soka kebul. Hanyoyin magance wannan suna da yawa, farashinsu kuma ya faro daga kuɗi kaɗan har zuwa sama da yuro 1,500, amma a ganina bai kamata a fara da tambayar farashi ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne irin rediyon da ke cikin motar da kuma abin da ke bayansa, wato wayar tagulla ce ke ɗaukar sautin ko zaren haske, siririn zaren da ke aika sauti a matsayin haske maimakon lantarki.

Gane rediyon ba shi da wahala, domin sunansa a rubuce yake a fuskarsa. Wanda sunansa ya fara da CR mai kaset ne, wanda ya fara da CDR kuma mai faifai ne. Yawancin motocin da suka gabaci samfurin shekarar 2003 suna ɗauke da CR-220 ko CDR-220 idan domin kasuwar Amurka aka yi su, ko CR-22 da CDR-22 idan na Turai ne, kuma dukkansu suna aika sauti ta wayar tagulla irin wadda kowane mai gyaran wayarin mota ya saba da ita. Daga samfurin 2003 aka koma CDR-23, wanda a ido bai bambanta da magabatansa sosai ba, amma a bayansa lamarin ya sauya gaba ɗaya, domin yana magana da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da akwatin faifai shida ta zaren haske, a tsarin da ake kira MOST. Yana da kyau kuma a ɗaga murfin but ɗin gaba a duba takardar da aka manna a cikinsa, inda aka jera lambobin ƙarin kayan da motar ta fito da su daga masana'anta. Lamba 490 tana nufin akwai amfilifaya da ƙarin lasifikoki, lamba 680 kuma tana nufin tsarin sauti mafi tsada, wanda daga samfurin 2002 ya zama na kamfanin kayan sauti na Bose. A cikin but ɗin nan ake samun amfilifayar da akwatin faifan idan motar tana da su. Wannan ɗan bincike shi zai hana mutum sayen na'urar da ba za ta taɓa aiki a motarsa ba, musamman ga mai odar kaya daga ƙetare, inda mayar da kaya kan fi sayensa tsada.

Hanya mafi arha, wadda ke aiki a kowane samfuri ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba, ita ce 'yar na'urar da ake sokawa a soket ɗin kunna sigari, ta karɓi waƙa daga wayar hannu ko memori, ta watsa ta a zangon FM, rediyon mota ya kama ta kamar wata tasha. Sauƙinta ne ya sa ta cika kasuwa, amma rauninta a cikin halittarta yake. Da gangan doka ta taƙaita ƙarfin irin waɗannan na'urori don kada su dame tashoshi masu lasisi. A Birtaniya, alal misali, sai a watan Disamba na 2006 aka halatta su, kuma iyakar ƙarfinsu nanowat 50 ne, alhali gidajen rediyo suna watsa shirye-shiryensu da dubban wat. Duk tashar da ke kusa da mitar da aka zaɓa za ta danne ta, kuma a manyan birane irin su Kano, Abuja da Legas, inda tashoshin FM suka yi yawa, samun mita marar kowa aiki ne, mitar da ta yi tsit a wani gari kuma sai a tarar da mai ita a garin gaba. Bayan haka FM ba ya ɗaukar sautin da ya haura kilohaz 15, yana kuma zuwa da wata ƙarar shuuu a ƙarƙashin waƙar. A motar iyali mai rufaffen jiki ana iya haƙuri da wannan, amma Boxster mota ce mai rufin yadi wadda injinta ke dab da bayan kujerar direba, don haka dole a ɗaga murya kafin a ji waƙa a kan ƙarar iska da ta inji, ɗaga muryar kuwa yana ɗaga ƙarar tare da waƙar. Akwai kuma wani abu da ya shafi motocin da aka shigo da su daga Amurka: rediyonsu yakan tsallaka mita da 0.2 ya tsaya a kan mara kawai, kamar 88.1 da 88.3, don haka idan aka saita na'urar a 88.2 ba zai kama ta daidai ba. Ina ganin wannan hanya ta dace ne kawai da mai jiran isowar kayan da ya yi oda, ko mai aron mota na ɗan lokaci.

Akwai 'yar'uwarta da ta fi ta inganci, wadda ake ɓoyewa a bayan rediyo a tsakanin kebul ɗin eriya da kafar eriyar. Ita ba ta watsa komai a iska, tana zuba siginar ne kai tsaye a cikin kebul, kuma masu kyau daga cikinsu suna katse eriyar mota duk lokacin da aka kunna su, ta yadda babu tashar da za ta shigo ta dagula. Iyakar sautin FM tana nan daram, amma neman mita da kutsen tashoshi sun kau. A motar da ke da CDR-220 ban ga dalilin sayenta ba, saboda abin da zan bayyana nan gaba, amma ga mai CDR-23 wanda ba ya son kashe kuɗi mai yawa ita ce mafita mai ma'ana, domin ba ruwanta da zaren haske. Mai rediyon kaset kuma yana da wata tsohuwar dabara, wato kaset ɗin roba mai kebul, wanda ke miƙa sauti ga kan makarancin kaset ta hanyar maganaɗisu. Sautinsa ya fi na FM tsabta, sai dai yana wahalar da injin kaset da ya haura shekara ashirin, kebul ɗinsa kuma yana reto a gaban giya.

Ga masu CR-220, CDR-220 da takwarorinsu na Turai, Becker ya riga ya ajiye ƙofar shigar sauti a bayan rediyon, sai dai a rufe take. Ana zaro rediyon da wasu siraran ƙarafa biyu da ake turawa a cikin tsagogin da ke fuskarsa har su kama, sannan a jawo shi a hankali. A bayansa za a ga manyan filogi biyu na wuta da lasifika, da kuma jere na uku mai ƙananan gidaje uku masu launi: rawaya, kore da shuɗi. Rawayan shi ke kai sauti ga amfilifaya, shuɗin kuma shi ne mashigar sautin akwatin faifai, kuma wayoyi uku kawai ake buƙata a cikinsa, ta ƙasa (wato ground) da ta hagu da ta dama, a ƙafafu na 18, 19 da 20. Ana sayar da kebul mai shuɗin filogi a kai ɗaya da ɗan tsinken milimita 3.5 a ɗaya kan, irin na abin saurare na kunne. Bayan an soka shi an mayar da rediyon, sai a kunna, a danne maɓallin TP na 'yan daƙiƙoƙi har allon ya nuna BECKER 1, a murɗa maɓallin neman tasha har a iso AUX OFF, a mayar da shi AUX ON. Daga nan sabuwar mashigar za ta bayyana a jerin abin da ake zaɓa tare da rediyo da faifai.

Wannan ita ce hanyar da na fi yarda da ita a waɗannan motoci, kuma dalilina ba arha kaɗai ba ne. Sautin yana bin tafarkin da masana'anta ta tsara wa akwatin faifai, don haka babu matse shi, babu ƙarar iska, kuma amfilifaya da rabon sauti tsakanin lasifikoki suna aiki yadda aka yi su. Ba a yanke waya ko ɗaya ba, wanda ya so mayar da motar yadda take zai zare kebul ne kawai. Abin da za a rasa shi ne akwatin faifai shida idan motar tana da shi, domin gurbi ɗaya suke nema, kuma dole a cire filoginsa kafin mashigar ta yi aiki. Rashi na biyu ya fi wannan nauyi: maɓallan rediyo ba za su iya tsallake waƙa ba, sai an taɓa na'urar da hannu. A mota mai giyar hannu, mai saurin amsa sitiyari, wadda ake saye domin daɗin tuƙi, duban allon waya a tsakiyar kwana ba ƙaramin haɗari ba ne, don haka mai wannan tsari ya saba da shirya jerin waƙoƙinsa ko karatunsa kafin ya tayar da mota. Akwai akwatunan da ke kwaikwayon akwatin faifai, su yaudari rediyon ya ɗauka faifai yake juyawa, ta haka maɓallan gaba da baya su yi aiki. Sun fi kebul tsada, kuma tilas a tabbatar an yi su ne domin Becker, ba domin rediyon wani kamfani mai irin wannan filogi ba, domin kamannin filogi ba ya nufin yarensu ɗaya.

Matsalar da ta fi damun masu kebul ita ce wani siririn kuka da ke tashi idan an taka totur, ya sauka idan an ɗaga ƙafa. Yana bayyana ne idan ana cajin na'urar daga soket ɗin sigari a daidai lokacin da take haɗe da rediyo, domin a lokacin tana da hanyoyi biyu zuwa jikin mota, ɗaya ta caja ɗaya ta kebul ɗin sauti, ɗan bambancin wutar da ke tsakaninsu kuma yana jawo hayaniyar altaneta cikin waƙar. Gwajinsa mai sauƙi ne: a zare cajar, idan kukan ya ɗauke to an gano tushensa. Maganinsa wani ɗan akwati ne mai ƙananan taransifoma biyu da ake sakawa a tsakiyar kebul ɗin sauti, wanda ke barin sauti ya wuce ya hana wutar bi. Marasa inganci daga cikinsu suna rage nauyin ganga da kauri na sautin, don haka nan ba wurin neman mafi arha ba ne.

Tambayar da ke biyo baya ita ce kebul ko Bluetooth, domin ana samun 'yar na'urar Bluetooth da ke shiga wannan shuɗin filogi, ta samu wuta daga bayan rediyo, ta ɓuya gaba ɗaya. A kan takarda kebul ya fi, tunda faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a daƙiƙa, yayin da SBC, tsarin matse sauti da kowace na'urar Bluetooth ta waƙa ke ji, yakan tsaya a kusan 328 a babban saitinsa. Amma a cikin buɗaɗɗiyar mota mai gudu, kunne ba zai iya rarrabe su ba, balle idan waƙar da ma MP3 ce da aka riga aka matse. Abin da ya sa Bluetooth ya fi dacewa da mutane da yawa yanzu shi ne wayoyin kansu sun sauya. Apple ya cire kafar milimita 3.5 daga iPhone 7 a 2016, kamfanoni da dama suka bi sahu, don haka mai kebul zai buƙaci ƙarin mahaɗi da ke saurin lalacewa. Bluetooth kuma yana kawar da kukan caji, tunda babu kebul tsakanin waya da rediyo. Sharaɗi ɗaya da ba a wasa da shi shi ne a ɗauko wutarta daga wayar da ke mutuwa idan an kashe mota, ba wadda ke da wuta dare da rana ba. Irin waɗannan motoci sukan yi kwanaki a ajiye, kuma ƙaramar na'urar da ba ta barci tana iya shanye batir a cikin wannan lokaci. Amsa kira ta wannan hanya kuwa kada a sa masa rai sosai, domin makirufo ba ya jure iskar mota marar rufi.

Mai tsohon iPod yana da nasa lissafi dabam. Faffaɗar kafar nan mai ƙafafu 30 da Apple ya fito da ita a 2003 tana ba da sauti mai tsayayyen ƙarfi wanda bai bi ta maɓallin ƙara murya ba, kuma ya fi dacewa da mashigar rediyo fiye da na kafar abin saurare na kunne, don haka kebul mai faffaɗan kai ya fi. Sai dai a lura da caji. Kayan mota na farko-farko suna caji ne da wutar bolt 12 ta tsarin FireWire, alhali yawancin samfuran da suka fito daga 2008 ba sa karɓar caji sai na bolt 5 na USB, shi ya sa mutum kan sayi tsohon mahaɗi ya ji waƙa tana fita amma batir yana ta sauka. Apple ya sauya kafar zuwa Lightning a 2012, ya daina iPod classic a 2014, ya rufe babin iPod gaba ɗaya a 2022, don haka ban ga hikimar kashe kuɗi mai yawa a kan mahaɗin da ba ya jin komai sai iPod ba. Wanda za a saya ya kasance yana da USB ko Bluetooth a gefe.

Yanzu ga motocin 2003 da 2004, inda lissafin ya sauya. An kafa ƙungiyar da ta tsara MOST a 1998, da hannun BMW da DaimlerChrysler da Becker kansa, kuma sigarsa ta farko tana aika bayanai kusan megabit 25 a daƙiƙa ta cikin zaren roba mai kaurin milimita ɗaya, da jan haske. Na'urorin a zobe suke: haske ya fita daga rediyo ya shiga ta gaba, ita ta miƙa wa ta gabanta, har ya dawo inda ya taso. Abin ya yi kama da leburorin gini masu miƙa bulo hannu da hannu, idan mutum ɗaya ya fita daga layi aikin kowa ya tsaya. Wannan ne ya sa idan aka cire akwatin faifai aka bar bakin zaren a buɗe, ko aka lanƙwasa zaren har ya karye, motar kan yi shiru gaba ɗaya, har da tashoshin rediyo, ko da amfilifaya da lasifikoki lafiyarsu ƙalau. Wanda ya zare filogin zaren ya kunna rediyo zai ga ɗan jan haske yana ƙiftawa a bakin zare ɗaya, ɗayan kuma duhu, a jikin filogin kuma akwai kibiyoyi masu nuna shiga da fita. Juya su kuskure ne mai sauƙin aukuwa. Zaren ba ya son lanƙwasa mai tsanani, ba a ɗaure shi da ƙarfi, ba a haɗa shi da salatif idan ya tsinke, kuma ƙura a bakinsa tana rage hasken, abin da ya kamata mai aiki a lokacin hunturu ya kiyaye ta hanyar rufe bakin da zarar ya zare shi. Mai gyaran wayarin da bai taɓa aiki da wannan tsari ba, komai ƙwarewarsa a tagulla, gara a yi masa bayani kafin ya sa hannu.

CDR-23 ba shi da shuɗin filogin da ya sauƙaƙa wa magabatansa, don haka hanyar shigar da sauti mai tsabta ita ce na'urar da za ta shiga zoben da kanta ta ɗauki matsayin akwatin faifai. Wadda ta fi shahara ita ce Gateway 500 ta kamfanin Dension na ƙasar Hangari, sai kuma kayan mObridge na Ostireliya. Gateway 500 tana karɓar iPod da USB da kebul na milimita 3.5, sigar da ta biyo baya ta ƙara Bluetooth, tana da makunnin da ke mayar da ragama ga akwatin faifai na asali idan ana so, kuma maɓallan rediyo suna tsallake waƙa, wanda shi ne babban fifikonta a kan kebul ɗin tsofaffin motoci. Sautinta ba shi da abin kushewa, domin a lambobi yake tafiya har amfilifaya. Amma allon CDR-23 ƙarami ne da aka yi domin nuna lambar faifai da ta waƙa, don haka neman waƙa ɗaya a cikin dubbai ba zai yi daɗi ba. Abu mafi muhimmanci kuma shi ne idan motar ba ta fito da akwatin faifai ba, sai an sanar da rediyon cewa yanzu yana da shi, ta kwamfutar binciken Porsche irin su PST2 ko PIWIS. Mai zaune a garin da babu mai irin wannan kwamfuta ya warware wannan tambaya kafin ya biya kuɗin na'urar, in ba haka ba zai haɗa komai daidai rediyon ya ƙi ganinta.

Sauran zaɓin shi ne a cire rediyon asali a sa wani. A tsofaffin motocin wannan ba shi da wuya, domin gurbin na ma'aunin DIN ne da aka sani, kuma akwai rediyoyin da aka yi su da sauƙin fasali don su saje da tsohon dashbod, kamar Continental TR7412UB-OR mai hasken ruwan lemo da Blaupunkt Bremen SQR 46 DAB. Ana buƙatar mahaɗin da zai kai sauti ga amfilifayar asali, a kuma gwada wayoyin wuta da na'urar auna lantarki kafin a haɗa, domin jerinsu ba lallai ya dace da na sabon rediyo ba. A motocin MOST kuwa aikin ya fi haka girma, tunda amfilifayar ba ta jin komai sai haske. Ko dai a sayi akwatin da ke mayar da sautin sabon rediyo haske, wanda masu arha daga cikinsu kan kashe rabon sauti tsakanin gaba da baya, ko kuma a tsallake amfilifayar a ja sababbin wayoyi, wanda a motar Bose yana nufin an watsar da saitin da aka yi wa lasifikokinta musamman. Ban cika son wannan hanya ba, saboda 986 da 996 sun riga sun shiga hannun sashen Porsche Classic mai kula da tsofaffin motoci, kuma masu sayensu suna duba asalin kayan ciki. Wayar da aka yanke a bayan dashbod takan dawo da matsala bayan shekaru, a lokacin da ba wanda ya tuna abin da aka yi.

Porsche da kansa ya ba da amsa a 2020, da ya fitar da wani rediyo mai suna PCCM Plus domin waɗannan motoci biyu. Yana da allon taɓawa mai inci 7, da Apple CarPlay da Android Auto da Bluetooth da USB, maɓallansa da haskensa sun dace da sauran dashbod, kuma an yi shi ya yi aiki da amfilifaya da lasifikoki da eriyar da ke motar. Babu wani zaɓi da ya kai shi wajen barin direba ya sarrafa waƙa da taswira ba tare da ya ɗauki waya ba. Farashinsa a Jamus lokacin da ya fito ya ɗan haura yuro 1,600, ban da kuɗin sakawa, kuma yana cin gurbi biyu, don haka a motar da ta fito da rediyo mai gurbi ɗaya sai an sauko da maɓallan na'urar sanyaya mota zuwa ƙasan dashbod. Wani ɓangare na kuɗinsa kuma na abubuwan da suka keɓanta da wasu ƙasashe ne, kamar rediyon dijital na DAB+ a sigar Turai da rediyon tauraron ɗan'adam na SiriusXM da ke aiki a Amurka da Kanada, waɗanda mai tuƙi a Afirka ta Yamma ba zai mora ba. Ga mai CDR-220 da waƙa kawai yake nema, wannan kashe kuɗi ne da kebul ɗaya ko 'yar na'urar Bluetooth ta isar masa. Ga mai CDR-23 da Bose, wanda ke tuƙa motar kullum kuma yana da niyyar riƙe ta, idan ya haɗa kuɗin Gateway da na kwamfutar saiti da ƙarancin abin da ƙaramin allo zai nuna masa, zai ga tazarar ba ta kai yadda ya zata ba, kuma a nan ne nake ganin PCCM Plus ya cancanci kuɗinsa. Ko wanne aka zaɓa, a adana tsohon rediyon a wuri marar laima tare da takardunsa.

Kafin ranar aiki akwai abubuwa biyu da ya kamata a tanada. Na farko, rediyoyin da suka gabaci CDR-23 suna neman lambar sirri mai lambobi huɗu duk lokacin da wuta ta yanke musu, lambar tana kan wani ɗan kati da ke zuwa da littafin mota, kuma motocin da suka sha sauya hannu sukan iso babu shi. A nemo lambar kafin a zare filogi, domin shigar da kuskure sau da yawa yana sa rediyon ya kulle kansa na wani lokaci. Na biyu, batirin motar a but ɗin gaba yake, kuma a samfuran baya-baya da lantarki ake buɗe murfin, don haka wanda ya cire kan batir ya rufe murfi ya kulle kansa a waje, sai ya kawo wuta daga wani batir ta jan maƙalin gaggawa da ke cikin akwatin fis kusa da ƙafar direba. Ɗora tsumma a kan makullin murfin don kada ya rufu ya isa ya hana wannan.

Wurin ajiye na'urar ma yana da tasiri a zaɓin. Apple ya ƙayyade wa iPod da iPhone aiki tsakanin digiri 0 da 35 a ma'aunin Salshiyas, cikin motar da aka bari a rana a watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi kuwa ya wuce haka nesa, kuma batirin litiyam yana kumbura idan zafi ya dame shi. iPod classic kuma yana da faifai mai juyawa a cikinsa, wanda ba ya son jijjigar mota mai tauri a kan hanya mai ramuka. Wanda ke son abin da zai bari a mota dindindin, filas na USB ya fi dacewa da shi, wannan kuma yana karkata zaɓinsa zuwa na'urar da ke da kafar USB maimakon kebul zalla.

Akwai kuma motar da duk wannan kwatanci bai taɓa ainihin matsalarta ba, wato Boxster da ta fito ba tare da lamba 490 ko 680 ba. Irinta lasifika biyu ne kawai gare ta, ƙanana, a saman dashbod, ba amfilifaya, ba komai a ƙofofi, kuma bayan shekara ashirin da ɗoriya a ƙarƙashin gilashin gaba, rana ta riga ta busar da robar gefensu. Ko PCCM Plus aka sa mata, sautin zai fita ne ta waɗannan biyun. Mai irin wannan mota ya sayi mahaɗi mafi sauƙi da ya dace da rediyonsa, sauran kuɗin ya sauya lasifikokin dashbod da su, ya ƙara na ƙofa da ƙaramar amfilifaya a but ɗin gaba, a gurbin da masana'anta ta tanadar wa tata.